Honarabul Yana Kan Hanya

Ƙasar Zuru ba baƙuwar manyan mutane ba ce. Ita ta haifi Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya riƙe rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, ita ta haifi Manjo Janar Sani Sami, wanda ya yi gwamnan soja a Bauchi a 1984 kafin ya hau gadon sarautar Zuru. Su dai sai da suka sha rana suka sha fareti kafin a liƙa musu taurari a kafaɗa. Mu kuwa a Bena mun gano yanke: ka sunna wa sanƙira 'yar dubu ɗaya, kafin ka zauna ya naɗa ka.

Ka je taron tara kuɗin gyaran makarantar unguwa ka sha kallo. Takardar gayyata ta ce ƙarfe 10 na safe. An kafa rumfa, an aro kujerun kushin daga ɗakin wata amarya, an jera lemon kwalba. Wannan ta manyan baƙi ce. Sauran jama'a kuma Allah Ya hore musu darbejiya, wanda bai samu inuwarta ba ya yi da hularsa. Tun hantsi benci ya cika. Azahar ta yi, kushin ba kowa sai ƙudaje.

"Jama'a a ƙara haƙuri," in ji sanƙira, "Honarabul yana kan hanya, yanzun nan ya baro Ribah." Bayan awa guda ya sake baro Ribah.

Wane ne Honarabul ɗin? Ya taɓa yin kansila sau ɗaya, tun yaran da ke kaɗa ƙuri'a yau suna goye. Na kusa da shi ko zaɓen fid da gwani bai ci ba, fosta kawai ya buga, amma shi ma Honarabul ne, mai jiran gado. Ga Dakta mai shagon magani, ga Injiniya mai gyaran janareto, ga Barista da har yanzu yake jiran sakamakon jarrabawar shiga jami'a. Dakta da Injiniya dai ban ga laifinsu ba, ko ba komai suna da ranarsu.

La'asar sakaliya sai ga ƙura ta tashi. Honarabul ya karɓi lasifika, ya gyara babbar riga, ya ce ya ba da naira miliyan ɗaya, kwamiti zai ji daga gare shi. Guɗa ta kaure, maroƙa suka wasa shi har kakansa na bakwai. Can wata tsohuwa mai ƙosai ta kutso, ta kwance bakin zani, ta ajiye ɗari biyar duk ta sha mai. Sanƙira ko ɗaga kai bai yi ba: "Wata baiwar Allah ta ba da abin da ya sawwaƙa." Da dare da ma'aji ya zazzage kwano, kuɗin bayin Allah kaɗai ya gani, su suka sayi kwanon rufi. Miliyan kuwa ta baro Ribah.

Akwai wani dattijo da yakan tsaya a rana a irin wannan taro. Lokacin da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyukan Danko/Wasagu, mutane suka kwararo gari da tabarmi a ka, shi ya buɗe zaurensa, ya fasa rumbun dawarsa, bai tambayi kowa yarensa ko addininsa ba. Sunansa a bakin sanƙira "da sauran jama'a".

Cutar fifita muƙami da abin hannu a kan hali ta shiga har neman aure. A al'adar Dakarkari ta golmo, saurayi yakan yi wa surukinsa noma har shekara 7. Mai iya ɓoye halinsa shekara 7 da fartanya a hannu ai ba a haife shi ba; kafin a ba shi mata an san fushinsa, an san cinsa, an san ko yana gaida tsofaffi. Yau binciken minti biyu ne: a ina yake aiki, motar tasa ce ko ta aro? In ka ji an ce "ai yaron yana da kirki", to ka tabbata ba shi da ko keke, ta'aziyya ake yi wa uwar yarinya.

Wani Baturen Ingila, Anthony Kirk-Greene, ya zauna ya lissafa halayen mutumin kirki a wurin Bahaushe, aka buga a 1974. Guda 10 ya kawo, su gaskiya, amana, karamci, haƙuri, kunya, mutunci. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ban ga mota ba, ban ga fosta ba. Wataƙila Baturen bai halarci taronmu ba ne.

Roƙona ga kwamitocin taro na Bena ɗaya ne. Ku riƙa ƙirga miliyan a hannu kafin ku nuna wa mutum kushin, mai ƙosai da dattijon zaure kuma ku shigo da su rumfa ku buɗe musu lemo. Wanda yake kan hanya, a ajiye masa benci.