Kyandir a Dakalin Alhaji

Keken da na sayo a wajen 'yan gwanjo ba kariya, ba ƙararrawa, ba birki, sirdin kuma yana can ƙasa dab da taya. Mai gyaran keken bakin layinmu ya zagaya shi, ya taɓa kaca, ya ce, "Na yaronka ne?" Na ce nawa ne. Ya ce, "To Allah ya sawwaƙe." Na zauna na yi masa karatu: sunansa BMX, tayarsa inci 20, yaran Kalifoniya ne suka faro shi wajajen farkon shekarun 1970 suna kwaikwayon masu tseren babur, yanzu kuma har a Olamfik ana yinsa, tsere tun 2008 a Beijin, na tsalle-tsalle tun gasar Tokiyo da aka yi a 2021. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce zai sa min birki a farashi mai rahusa.

Keke ya samu, saura wurin hawa. A bidiyon da nake kwana kallo, filaye ne na musamman da aka zuba wa kankare mai sulɓi, da kwaruruka da gangare. Duk yawon da na yi a Kano ban ci karo da irinsu ba. An buɗe guda a Akara a ƙarshen 2021, Freedom Skatepark, amma kuɗin motar zuwa Gana ya fi kuɗin keken. Logan Martin, ɗan Ostireliya da ya ci zinare a Tokiyo, shi da kansa ya gina filin atisaye a harabar gidansa. Tsakar gidanmu kuwa akwai rijiya, da turken akuya, da igiyar shanya, da Hajiya.

Marasa fili titi suke bi, su nemi matakala ko ƙarfen dafawa ko gefen gini. Sai na bazama. Filin Sukuwa yashi ne da dawakai da 'yan ƙwallo. Dutsen Dala na hau da keken a kafaɗa, na leƙa matakalar daga sama, na tuna da maganar birki, na sauko da shi a kafaɗa, yara na biye da ni suna tambaya ko lalacewa ya yi. A wani katafaren shago mai tayil, mai gadi ya tare ni da kulki ya ce wa na zo nema. Na ce matakala. Har bakin titi ya rako ni.

A kan hanyar komawa gida ne idona ya buɗe. Ashe abin da Turawa suke kashe kuɗi su gina, mu a ƙofar kowane gida muke da shi: dakali. Tsayinsa bai kai gwiwa ba, ga tsawo, ga baki a miƙe. Sai dai babu dakalin da ba shi da masu shi. Da hantsi na mai yankan farce ne, da azahar na akuyoyi, daga la'asar kuwa majalisa ta karɓa, ba za ta tashi ba sai an gama naɗa gwamnoni an sauke su. Ɗan tsakanin da ya rage shi ne bayan asuba, lokacin da mutane suka koma barci.

Na zaɓi wani a wata unguwa da ba a san ni ba, sabon siminti sumul. Ka'idar wasan ita ce, a gefen tayoyin akwai guntayen bututun ƙarfe, da su ake dira a bakin dakali a zame, kuma ba sa zamewa sai an goga wa wurin kyandir. Don haka na tsuguna cikin duhu-duhu, da baƙar safar hannu, ina goga kyandir daga wannan kusurwa zuwa waccan, ina ƙirga taku a hankali bakina na motsi.

"Jama'a ku fito! Ga mai binne asiri!"

Wata tsohuwa ce mai koko. Kafin in miƙe an cika layin. Ashe Alhajin mai gidan yana neman takarar kansila, kuma yana da shari'ar fili da wani ɗan uwansa. Ya fito da carbi a hannu yana tofa addu'a. "Kai samari, wa ya aiko ka?" Na ce, "Baba, wallahi wasa ne." Wani ya ce ai duk haka suke cewa. Aka lalube aljihuna, aka fito da guntun kyandir da sifana, aka ɗaga su sama kowa ya gani. Wani ya lura keken ba birki, ya ce don gudu aka cire.

Allah ya taimake ni mai unguwa mutum ne mai sanyi. Na durƙusa na miƙa masa waya. Ya kalli wani Bature yana zamewa a kan ƙarfe, ya maimaita, ya ɗago.

"Kai ma kana yin wannan?"

"Ina koyo, ranka ya daɗe."

"To bisimilla. In ka yi, mun yarda wasa ne."

Aka dare aka ba ni hanya. Na ja da baya, na taka feda, na taho. Tayar gaba ta tashi yadda aka tsara. Ta baya ta ce ba da ita aka yi shawarar ba. Keken ya tsaya cak a jikin dakali, ni kuma na ci gaba da tafiya ni kaɗai, na wuce ta gefen robar koko, na sauka a lambatu da kafaɗa. Aka yi tsit, sannan layin ya ɓarke da dariya, har da tsohuwar.

Mai unguwa ya share hawaye ya ce, "Ku sake shi. Da yana da asiri, kansa zai fara yi wa."

Alhaji ma dariya ta ci ƙarfinsa, ya nemi wurin zama. Ya ɗosana a daidai bakin da na fi cika wa kyandir, cikin shadda mai sheƙi. Abin da ƙarfena ya kasa, shaddar ta yi shi tsaf: ya zame sulu ya zauna daɓas a ƙasa, hula ta yi gefe. Ni dai daga cikin lambatu na ga ya fi ni iyawa, amma ban faɗa ba.

Hukuncin da aka yanke: in kankare dakalin da ruwan zafi da omo, in biya wanki da guga, in sayi kokon da ya zube. Ina durƙushe ina kankara yaran layin suka kewaye ni, suna tambayar wane irin kyandir ne, kuma a ina ake sayarwa. Na ba su amsa tsakani da Allah.

Ranar Juma'a sai ga ɗan aike daga mai unguwa. Wai dakalin liman ma an goge shi, na'ibi ya zame, kuma yaran sun ce malaminsu ne ya koya musu.