Rago Ya Je Legas, Yaro Bai Je Kano Ba

Tun ban ce komai ba na hango Alhaji a majalisar bakin tasha ya taɓe baki: "Wannan 'yan asibiti ne suka aiko shi." Babu wanda ya aiko ni, Alhaji, hunturu ne ya taso ni. Kaskon wuta ya dawo tsakar ɗaki, koko yana tafasa a murhu, mai rarrafe kuma bai san wuta ba sai sun gaisa.

Da zarar yaro ya ƙone, sai a mai da shi abin girki. Inna ta fasa ɗanyen ƙwai, Goggo ta kawo manja, maƙwabciya ta barbaɗa gishiri, ɗan bokon gidan ya matso man goge baki. Albasa kawai ta rage. Ruwan randa kuwa, wanda shi ake so a yi ta kwarara wa wurin har minti 20, yana gefe babu mai kallonsa. Ya yi araha da yawa a kira shi magani.

To an kai shi Babban Asibitin Gumel, an sa masa ƙarin ruwa, likita ya rubuta takarda ya ce a wuce Kano. Nan ake yin ta. "Likitan ya kasa." "Kuɗinmu suke so." Haba Alhaji! Kai da kake loda raguna a kasuwar Maigatari ranar Alhamis har su sauka Legas lafiya, yau kilomita 120 ne suka zama bangon duniya?

Kuɗi kam za a kashe, ban musa ba. Amma likitan lissafi ya yi. Tafin hannun yaron har yatsu shi ne kashi ɗaya cikin ɗari na fatarsa. Idan ƙunar ta kai tafi goma, ruwan jikinsa tsiyayewa yake yi, ƙoda ta fara jigata alhali yana kallonka. Idan kuma fuska ce, ko hannu, ko gaba, ko gaɓar gwiwa, ko ba ta da faɗi sai an kai wa masu dashen fata, irin na Asibitin Ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano. Kun sha ganin yaro a Gagarawa ko Sule Tankarkar yatsunsa sun manne kamar ƙafar agwagwa, ku ce haka Allah ya so. Allah dai ya so, amma takardar likita tana ƙarƙashin katifa.

Mai cewa ƙuna ai ƙaramin abu ce ya tambayi mutanen Majiya. Daren 15 ga Oktoba 2024 da tankar mai ta fashe, mutum sama da 150 suka rasu, kuma da yawa ba a wurin suka cika ba, kwanaki bayan nan ne a gadon asibiti.

Hajiya kuma na ji tambayarki: mai tofi fa? Ban hana ba. Ki lulluɓe ciwon da wankakken zane, ki rufa wa yaron bargo kada sanyi ya kama shi, a ba Malam kujerar gaba kusa da direba. Ya yi ta addu'arsa tun daga Gujungu har Dala, tofin dai ya riƙa yi ta taga.