Bazazzagi, Ka Ƙyale Columbo Ya Yi Aikinsa

Bawana Bazazzagi, gaisuwa irin ta ubangida da bawansa. Labari ya iso Kano cewa tun da yara suka saka maka tsohon shirin Columbo a waya ka hana 'yan majalisarku ta Tudun Wada sakat. Wai kai ne ka gano abin da ya shige wa Amurkawa duhu tun 1971: shirin ba shi da armashi don tun farko an nuna mai kisan, kuma hujjar da aka kama shi da ita ko alƙalin ƙauye ba zai saurara ba. Sannu Farfesa. Dama ku duk wanda ya taɓa shan shayi a bakin ƙofar jami'a a Samaru, gani yake ya yi digiri.

Bari in tuna maka abin da ka kalla, don na san rabinsa gyangyaɗi ka yi. Sunan fitowar "Murder by the Book", tashar NBC ta nuna ta ranar 15 ga Satumba, 1971. Wanda ya ba da umarni wani yaro ne ɗan shekara 24, Steven Spielberg, shekara huɗu kafin fim ɗinsa Jaws ya girgiza duniya. Wanda ya rubuta kuwa Steven Bochco ne, da daga baya ya kawo Hill Street Blues. Su ne kake wa gyaran karatu daga kan benci.

Abokan sana'a ne biyu, Ken Franklin da Jim Ferris, sunayensu duka na kan littattafan binciken kisa da suka yi kasuwa. Sai dai Jim ne ke rubutun. Ken aikinsa shiga talabijin, sa hannu a littafi, da washe haƙora gaban mata. Da Jim ya ce a raba gari, Ken ya ga tukunyarsa za ta kife, ga kuma inshorar rai da ke kan Jim. Ya lallaɓa shi zuwa gidan hutunsa na bakin tafki wajen San Diego, ya sa shi ya buga wa matarsa waya ya ce yana ofis a Los Angeles, tana kan layi ya ɗirka masa harsashi. Matar ta rantse a ofis aka harbi mijinta, shi kuwa Ken kowa ya san yana can nesa.

Ƙorafinka na farko ba ƙorafi ba ne, rashin sani ne. Haka Richard Levinson da William Link suka gina shirin da gangan: a nuna maka mai laifi da dabararsa, sannan ka zauna ka ga ta inda za a warware ta. Ga Peter Falk nan a matsayin mai bincike Columbo, cikin yamutsattsiyar rigar ruwa, guntun sigari a hannu, ido ɗaya na roba (tun yana shekara uku aka cire masa na dama saboda ciwon daji), yana sosa ƙeya kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi. Ya shiga kicin ɗin matar Jim, ya ce ai ba ta ci komai ba, ya fasa ƙwai yana soya mata yana jan ta da hira. Kafin ƙwan ya nuna ya fara gane wa ke rubutu, wa ke cin suna. Daga nan sai ƙananan tambayoyi. Mutumin da aka ce an harbi amininsa, me ya sa ya tuƙo mota tun daga San Diego bai hau jirgi ba? Wanda ya tarar da gawar abokinsa a ƙofar gidansa, ina ya sami natsuwar buɗe wasiƙu? Ken yana amsawa da murmushin raini, bai san igiya ake auna masa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki, har motar Columbo ka zaga. Ken na yawo a Marsandi, Columbo na fama da tsohuwar Fijo 403, kai kuma da aka kafa wa kamfanin haɗa Fijo a Kaduna, a bayan gidanku, ka bi bayan mai Marsandi. Taka Fijon da sai almajirai huɗu sun tura take tashi, ita ba ka ga laifinta ba.

Ƙorafi na biyu kam ba kai kaɗai ba ne, masu kallo da yawa sun daɗe suna cewa ƙarshen bai kai farkon ba. Bayan Ken ya kashe Lily La Sanka, mai kantin da ta hango Jim a motarsa ta nemi dala 15,000 kuɗin rufe baki, ya buga mata kwalba ya jefa ta tafki, abin da Columbo ya zaro daga aljihu 'yar takarda ce da rubutun hannun Jim, mai ɗauke da dabarar wayar nan a matsayin shawarar labari. Lauya mai jin yunwa ma zai iya yaga ta a kotu.

Amma ka lura da abin da Columbo ya riga ya faɗa masa kafin takardar. Ya ce kisan farko gwaninta ce, ta fi ƙarfin ƙwaƙwalwar Ken, lalle daga Jim ta fito. Na biyun kuwa shirme ne, wannan kam aikinsa ne. Mutumin da ya shekara da shekaru yana cin gumin alƙalamin wani, an taɓa masa inda ke ciwo. Maimakon ya ja bakinsa ya nemi lauya, sai ya ce dabarar tasa ce, ita kaɗai ce ta kirki da ta taɓa zo masa, shi ya gaya wa Jim. Da bakinsa ya saka wa kansa ankwa, don ya gwammace kurkuku da a ce bai iya ba. Jack Cassidy, wanda ya fito a matsayin Ken, ya iya wannan girman kan har aka sake kiransa sau biyu ya fito mai kisa a shirin, a 1974 da 1976. Na bincika asalinsa ko ta wajen uwa yana da dangi a Ƙofar Doka.

Ni dai har yanzu ban yarda sukar nan daga kanka ta fito ba. Maganar motar ce taka, na gane ta da ganin shirmenta. Amma batun raunin hujja akwai basira a ciki, don haka na fi zaton Hajiya ce ta faɗa tana tsince shinkafa, kai kuma ka saka babbar riga ka kai majalisa. In ƙarya na yi maka, shafin nan a buɗe yake mako mai zuwa. Ka rubuto da hannunka, kada ka ba ta ta duba maka.