Wushiryar Ummi

A danginmu wushirya abin tinƙaho ce. Kakata ta wajen uba tana da ita, gwaggona ma haka, ni ne kawai rabon ya tsallake. Don haka da haƙoran 'yata Ummi na gaba suka fara buɗewa, babu inda ban kai labari ba, daga majalisa har teburin mai shayi: gado ya dawo gida.

Ciwon kunne ne ya kai mu asibiti, wanda ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Likitan ya leƙa bakinta, ya tura mu wajen likitar haƙori. Ta ce Ummi ta cije. Turame suka haɗu, amma na gaba, sama da ƙasa, suka bar wata kafa. Na gyara zama na fara ba ta tarihin kakata. Ta saurare ni har na dasa aya, sannan ta nuna robar tsotson da ke rataye a wuyan rigar yarinyar.

"Malam, ga kakar taku nan."

Ta ce wushirya tsakanin haƙora biyu take, gefe da gefe. Wannan kuwa roba ce ta daɗe tana tura na sama waje, tana matse ganda. Haƙoran nono 20 ne, suna gama fitowa wajen shekara 3, kuma idan aka raba yaro da tsotso kafin nan, yawanci bakin kan gyara kansa. In aka yi sake har lokacin famfara, wajen shekara 6, sai dai a fara tanadin kuɗin ƙarfen haƙori. Ciwon kunnen ma, in ji ta, da hannun robar a ciki. Sai ta tambaya ko ana dangwala ta a zuma ko sukari, don shi ke cinye haƙora. Maman Ummi ta dube ni. Ni kuma na dubi fanka.

Na fara da maɗaci, irin yayen mutanen da. Ummi ta tsotsa, ta yamutsa fuska, ta je ta tsoma robar a buta, ta mayar baki, tana kallona.

Sai na ɓoye robar, na ce kyanwa ta sace. Yini guda yarinyar nan tana bin kyanwar maƙwabta da silifa. Da dare kuwa ta buɗe murya, har maigidan da ke bayanmu ya aiko a tambaya ko lafiya. Na lalubi inda na ɓoye robar, na manta. Can tsakar dare ga ni a ƙofar mai kemis da jallabiya a baibai, ina rantse masa cewa ɗan maƙwabcina zan saya wa. Bai tambaye ni ba ma.

Da dabara ta ƙare muka kai Ummi wajen mahaifiyata Hajiya. Ta ce, "Ku bar min takwarata ku tafi, ku da ba ku iya komai ba sai tambayar waya." Ranar da muka koma, babu roba, babu kuka. Na fara murna, sai na ga babban yatsa a bakinta har gindi. Shi kuwa ba a jefa shi a masai, ba a kuma ɗora wa kyanwa.

Na ce, "Hajiya, ai likita ta ce yatsa ya fi wuyar rabuwa."

Ba ta ko ɗago daga tsintar shinkafarta ba. "Kai za ka gaya min? Kai da ka sha yatsa har ka shiga aji biyu? Maɗacin da na ɓata a hannunka ya isa a yaye unguwa."

A gaban Maman Ummi ta faɗa. Da za mu tafi, sai na ji tana roƙon Hajiya ta ƙulla mata ɗan maɗaci a leda. Wai kashi biyu za ta yi masa.