Auta da Kuskuren Harafi

Ga ta nan, ga ta nanku.

A fadamar Auyo, inda ruwan kogin Haɗejia ke kwanciya a gonakin shinkafa rani da damina, an yi wata uwar sauro mai 'ya'ya barkatai. Kowane ƙwai sai an kwafa masa littafin gado, rabi daga uwa, rabi daga uba, da haruffa 4 kacal: A, T, G, C. Abin da littafin ya faɗa, shi jiki ke ginawa.

Ran nan hannu ya goce, harafi guda ya sauya a shafin ƙofofin jijiya, daidai layi na 1014. Auta ce ta gaji kuskuren, kuma ba wanda ya lura, har ita.

Kwatsam sai ga Manomi da tankin feshi a baya. Gubar nan aikinta ta cafke ƙofar jijiya ta hana ta rufuwa, sauro ya yi ta karkarwa har ya faɗi ƙafafu sama. Kafin la'asar dangi sun kwanta birjik a kan ruwa. Ƙofar Auta kuwa ta ɗan sauya ƙira, guba ta rasa wurin kamu sosai, ta tashi abinta.

Gizo ya sauko daga saƙarsa da gudu. "Layata ce ta kare ta! Kowa ya kawo ɗansa guda, in ba shi tasa."

Tsohon Kwaɗo ya ce, "Gizo, ka ji tsoron Allah. Kuskuren nan ya riga feshi zuwa. Guba ba ta koya wa yarinyar nan komai ba, share mata fili kawai ta yi."

Cikin mako biyu 'ya'yanta sun yi fiffike. Manomi ya ƙara feshi, marasa harafin suka mutu, masu shi suka auri juna, wanda ya gada ta uwa da uba ya fi kowa taurin rai. Daga nan suka shiga gari, maganin jikin gidan sauro bai cika kayar da su ba.

Kwaɗo na nan wasu masana daga Jami'ar Bayero ta Kano suka zo da ludayi suna kamfatar tsutsar sauro. A 2014 aka wallafa bincikensu: harafin Auta ya yaɗu ƙwarai a Auyo da Bunkure.

Jikokinta dai har yau ba sa iya ratsa gidan sauron da bai yage ba. Wanda nasa ya huje, ya nemi zare da allura kafin magariba.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.