Mawaƙi Mai I'ina a But Ɗin Golf

Golf ɗina 'yar Kwatano ce, kuma rediyon da Jamusawa suka saka mata tun daga kamfani ba ya cin komai sai kaset. Gab da bikin Afan, wanda mutanen Kagoro ke yi kowace 1 ga Janairu, na sayi na'urar nan mai haɗiye faifan CD shida a Kafanchan. Ni ne zan ɗauko surukina ranar, kuma ina so ya san 'yarsa ba ta faɗa hannun banza ba.

Mai gyaran wayar mota ya ce aikin minti goma ne. Ya cire kan batir, ya mayar, sai rediyo ya rubuta SAFE ya yi gum. Ashe halin rediyon Volkswagen ke nan: da wuta ta yanke masa sai ya ɗauka sace shi aka yi, ba zai ƙara buɗe baki ba sai an danna masa lambobin sirri huɗu. Katin lambar kuwa yana can Turai wurin wanda ya fara hawan motar. Yaron ya gwada 1234, ya gwada 0000. Rediyo ya kulle kansa na awa guda.

"Oga, fushi ya yi," in ji shi, ya tafi cin tuwo.

Da yamma aka zaro rediyon, sai ga lambar ɓaro-ɓaro a bayansa, wani bawan Allah ya rubuta da biro. Filogin na'urar kuma ya ƙi shiga, don ba 'yan gida ɗaya ba ne, dole aka haɗa wani ɗan akwati mai tura sauti ta wayar eriya. Aka ɗaure na'urar a but a tsaye, alhali maɓallin sifirin da ke gefenta yana nuna kwance. A gareji dai ta yi waƙa ras.

Ranar biki surukata ta danna doya da buhun citta a kan na'urar. Baba ya zauna gaba, na kunna, muka kama gargadar unguwarsu. Kowane rami muka faɗa, sai mawaƙin ya maƙale a kan gaɓa ɗaya yana nanatawa. Ina gumi cikin sanyin hunturu. Baba bai ce uffan ba har dutsen Kagoro ya bayyana a gabanmu, sannan ya girgiza kai.

"Allah sarki. Yaron nan da i'inarsa, amma bai zauna bara ba."

"Haka ne, Baba," na ce.

A wurin biki ya ba duk tsaransa labarin, har ya sa na zaro masa faifan ya je ya kunna musu a gida. Washegari ya aiko ƙanen matata da shi, wai wannan na wani lafiyayye ne, in aiko da na mai i'inar.