Mage Mai Fasfo: Wasiƙa Zuwa Ga Taubashina

Frankfurt, Jamus

Ɗan kawu,

Ina fatan kana lafiya, da su Kawu da Inna, da amaryarka baiwar Allah mai haƙuri da halinka. Kuɗin sharar bara har yau ban ji ƙarar shigowarsu ba, amma wannan shari'a sai na zo.

Muna tafe hutun ƙarshen shekara in Allah ya yarda, kuma da baƙuwa. Autarmu ta kafe ba za ta taka jirgi ba sai da magenta, uwarta kuma ta ɗaure mata gindi. To, ka share ɗakin baƙi ka turara shi, domin wadda za ta sauka gidanku ta fi ka takardu.

Da gaske nake. Magen nan fasfo gare ta, shuɗi, da taurarin Tarayyar Turai a bangonsa, da sa hannun likitan dabbobi da hatiminsa. Kai da kake ta alwashin zuwa yi mana ziyara tun ba a haifi Auta ba, ka tashi ka nemi naka, mage ta riga ka. Kafin a ba ta fasfon sai da aka sa mata wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya, ɗauke da lamba mai alƙaluma 15. Duk filin jirgin da ta sauka, da an kara mata abin karantawa sai lambarta ta fito. Ba ta da damar cewa ba ita ba ce, irin yadda kake yi wa masu bin ka bashi.

Bayan na'urar sai allurar rigakafin ciwon haukan kare. Ba a yi wa dabba sai ta cika mako 12 da haihuwa, kuma in allurar farko ce sai an jira kwana 21 kafin a ƙetare iyaka da ita. Amma babbar maganar tana wajen dawowa. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Turai ta aminta da su a kan wannan ciwo, don haka dole a ɗebi jinin dabba aƙalla kwana 30 bayan allura, a kai ɗakin gwajin da suka amince da shi, a tabbatar rigakafin ya kama jiki. Wanda ya yi gwajin tun kafin ya bar Turai aka rubuta a fasfo, ya dawo da dabbarsa kai tsaye. Wanda ya bari sai ya je gida, sai dabbar ta zauna wata uku bayan ɗibar jini kafin a bar ta ta shigo. Mun yi namu tun da wuri, kuma don kai muka yi, domin da mun yi sakaci kai za a bar wa renon mage wata uku, ana kiranka ta bidiyo kullum da safe ana tambayarka ko ta ci abinci.

Sai kuma dokokin kamfanin jirgi. A Lufthansa, kamar wasu manyan kamfanonin Turai, dabbar da za ta zauna cikin fasinjoji kada nauyinta da na jakarta ya wuce kilo 8, kuma jakar kada ta wuce santimita 55 da 40 da 23. Sai an sanar da su tun kafin ranar tafiya, domin dabbobin da ake ɗauka a jirgi guda ƙidayayyu ne, kuma ana biya mata kuɗinta daban. Tun daga tashi har sauka ba ta fita daga jakar. Yanzu haka Auta ta sa mata ido a kan abinci, kowace Juma'a sai ta ɗora ta a sikeli. Na ce mata ta gode wa Allah ba kai Baffanta na Zariya za a auna ba bayan ka tashi daga tuwon Inna.

Wadda ta wuce kilo 8 sai ɗakin kaya na ƙasan jirgi, cikin keji mai ƙarfi wanda za ta iya miƙewa tsaye, ta juya, ta kwanta a sake. Masu shafaffen hanci kuwa, irin magen Farisa da wasu karnukan, kamfanoni da yawa ba sa yarda a sa su can, saboda numfashinsu na iya sarƙewa. Kai ma ka yi hamdala ba a duba hancin fasinja. Likitan ya kuma ja mana kunne kada mu ba ta maganin barci, domin yana sauke hawan jinin dabba a sama, har ya kan zama ajalinta. Mu ma da sauƙi. Mai shiga Ingila ta jirgin sama ba ya shiga da magensa a gefensa, sai dai a aiko ta a matsayin kaya.

Na san kana dariya, ni ma na yi. Amma da na zauna da likitan nan sai jikina ya yi sanyi. Jamus ta rabu da haukan kare a dabbobin da ke yawo a ƙasa tun 2008, shi ya sa suke tsare ƙofarsu haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, mafi yawa ta cizon kare, kuma yara ne da yawa daga cikinsu. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi. Sai na tuna karnukan da ke gadin gonar Kawu, da yaran gidan da ke wasa da su. Don Allah, ɗan kawu, ka kai su asibitin dabbobi a yi musu allurar nan, ni zan biya. Ka kuma faɗa wa matan gida, in kare ya ciji yaro ko mage ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, kada a tsaya shafe-shafe a gida.

Saura aikinka na biyu. Najeriya ma ba a shigo da dabba haka kawai. Ana neman takardar izini daga sashen lafiyar dabbobi na gwamnatin tarayya, kuma jami'an killace dabbobi za su duba ta a filin jirgi. Zan turo maka hoton fasfon ta WhatsApp, ka je Abuja ka karɓo mana. Ka sa babbar rigarka ta Sallah, domin wakilcin mage za ka yi. Ranar saukarmu ka zo da mota mai sanyi, ba akwalar nan taka da sai an tura ba. Ka kuma gargaɗi ɓerayen rumbun Inna su fara neman wani gidan.

A gaida kowa da kowa. Auta ta ce a tanadi kifi, marar ƙaya.

Naka,
ɗan gwaggonka na Jamus